Ranar da Sikeli Ya Cije: Tarihin Tsayawar Nauyi ga Mai Motsa Jiki



Idan likita ya umarce ka da rage ƙiba saboda hawan jini, ko ciwon suga, ko gwiwar da ta fara ƙara, kuma ka riƙi maganarsa da gaske, to akwai wata rana da ke jiranka a gaba. Za ka riƙa fita bayan sallar asuba, ka yi sassarfa daga Nasarawa har wajen filin wasa na Haliru Abdu, ka dawo riga sharkaf da gumi. Ke kuma 'yar'uwa, wataƙila a tsakar gida kike naki da igiyar tsalle kafin yara su tashi. Makon farko kilo biyu ya tafi. Cikin wata uku an zubar da shida ko bakwai, har mutane sun fara tambaya ko lafiya. Sai wata safiya a hau sikeli a tarar da shi inda aka bar shi. Mako ya zagayo, yana nan. A ƙara gudu, a rage tuwo, shiru kake ji.

A nan ne wasu ke cewa aikin banza suke yi, su koma gidan jiya. Wasu kuma su nufi kantin magani suna neman abin da zai narkar da kitse. Kafin ka bi ɗayan hanyoyin nan biyu, ka ba ni aron kunnenka, domin wannan tsayawa tana da tarihi, kuma wanda ya san tarihinta ba za ta razana shi ba.

Darasin damina

Kakanninmu na kwarin gulbin Rima ba su da sikelin awon mutum, amma sun san jiki yana da lokacin hawa da lokacin sauka. Da kaka, idan gero ya shiga rumbu kuma aka yanke shinkafar fadama, mutane sukan murmure, kumatu su ciko. Shi ya sa gangar kokawa take jiran bayan girbi. Idan damina ta yi nisa kuwa, wajen watan bakwai da na takwas, sai al'amari ya juya. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga noman farko, ga maimai. Aiki mafi nauyi a shekara ya haɗu da abinci mafi ƙaranci. Magidanci ya wuni a duƙe a kan ƙwaryar fura mai ruwa-ruwa, da dare a cika ciki da kwaɗon tafasa ko na rama. Dole ya rame. Sai dai ramar takan yi sauri da farko, sannan ta lafa. Da tana tafiya da saurin da ta faro, da kaɗan ne za su ga kaka.

An auna wannan hawa da sauka a wata ƙasa mai damina irin tamu. A ƙauyen Keneba na Gambiya, inda hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta fara aiki tun wajen 1950, masana sun yi shekaru suna ɗora mutanen gari a kan sikeli. Kowace damina manya sukan zubar da kilo da dama, kowace kaka su mayar da abinsu.

A shekarun da ruwa ya ƙi, irin yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba a sassa da yawa na ƙasar Hausa, da farin 1972 zuwa 1974, jikin da ya iya tsimi shi ya fi daɗewa a tsaye. Allah ya halicci ɗan Adam da wannan dabara: idan abinci ya ragu aiki ya ƙaru, jiki yakan rage wutar da yake ƙonawa, ya kuma ƙara kiran ciki. Zamanmu ne ya sauya. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ta cika da ofisoshi, kujera ta karɓi aikin gona, babur ya karɓi aikin ƙafa, shinkafa 'yar inji da lemon kwalba kuma ba su san rani ko damina ba ga wanda Allah ya hore wa. Jiki kuwa bai ji wannan labari ba. Ranar da ka rage ci ka kama gudu, shi a wurinsa damina ce ta kankama, sai ya ɗaure bakin jaka.

Masu awo na farko

Abin da manomi ya sani a jikinsa, an ɗauki ƙarni huɗu ana ƙoƙarin sa shi cikin lissafi. Wani likita a Italiya mai suna Santorio ya rataye kujerarsa a jikin wani ƙaton ma'auni, ya yi kusan shekara talatin yana auna kansa, da abin da ya ci, da abin da ya fita daga jikinsa. A littafin da ya fitar a 1614 ya nuna cewa abin da ke fita ta fitsari da bayan gida bai kai nauyin abin da aka ci aka sha ba, ragowar tana salwanta ne ta fata da numfashi ba tare da mutum ya ji ba. Tun daga lokacin aka gane cewa nauyin mutum yana motsi daga safe zuwa dare, kuma mafi yawan motsin nan ruwa ne.

A Faransa, wajen 1783, Lavoisier ya sa ɓeran Masar cikin wata na'ura da aka kewaye da ƙanƙara, ya auna ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar. Daga baya ya auna numfashin abokin aikinsa Seguin yana hutawa, da bayan ya ci abinci, da yana aikin ƙarfi. Ya tabbatar da cewa jiki yana ƙona abinci ne a hankali kamar murhu, kuma aiki yana ƙara wa murhun iska.

Sai a ce ai magana ta ƙare, mai ƙiba ya yi ta aiki kawai. Wani mai sana'ar akwatin gawa a Landan, William Banting, ya gwada haka. Wani likita ya ba shi shawarar tuƙa kwalekwale, ya riƙa fita kogi da sassafe yana tuƙi na awoyi. Ƙarfi ya samu, amma yunwar da ta biyo baya ta fi tuƙin, nauyinsa ya ƙaru. A 1862 yana da kilo kusan 92 a kan tsayin santimita 165. Sai da wani likitan ya raba shi da sukari da burodi da man shanu da dankali da giya, sannan ya zubar da kimanin kilo 21 cikin shekara guda. Ɗan littafin da ya rubuta a 1863 ya yaɗu a Turai. Darasinsa yana nan har yau: motsa jiki mai tsanani yana buɗe ciki, kuma abin da aka ƙona da safe ana iya mayar da shi a kwano ɗaya da rana.

Yunwar da aka auna da gangan

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Turai cike take da mayunwata, kuma babu wanda ya san yadda za a farfaɗo da su. Saboda haka a 1944 wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 a Jami'ar Minnesota ta Amurka, waɗanda suka ƙi ɗaukar makami amma suka yarda a gwada yunwa a jikinsu. Wata uku na farko suna cin kalori kusan 3,200 a rana. Daga nan aka raba abincin biyu, aka bar su da wajen 1,570 na tsawon mako 24, mafi yawa dankalin Turawa da burodi da taliya da kabeji, tare da tafiyar ƙafa ta kusan kilomita 35 kowane mako.

Wannan shi ne shirin rage ƙiba mafi tsauri da za ka iya tunani, kuma ana sa musu ido. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma a makonnin ƙarshe sikeli ya kusan daina motsi, alhali abincin bai ƙaru ba. Wutar da jikinsu ke ƙonawa a lokacin hutu ta faɗi da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Bugun zuciya ya ragu, suna jin sanyi da rana tsaka, sun zama masu saurin fushi, ba su da zance sai na abinci. Da aka sake su, suka yi ta ci ba ƙaƙƙautawa, har kitsen jikinsu ya zarce wanda suka fara da shi. An buga sakamakon a 1950. Idan sikeli zai cije wa mutumin da ake auna masa kowace loma, to cijewarsa gare ka ba shaidar lalaci ba ce.

Lissafin da bai san jiki ba

Duk da haka, a 1958 wani likita a Amurka, Max Wishnofsky, ya fitar da lissafin da ya mamaye littattafai: kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700, don haka wanda ya rage 550 a rana zai zubar da rabin kilo kowane mako. Adadin da ke cikin kitsen daidai ne. Kuskuren yana wajen zaton cewa jiki zai tsaya yana kallo. Da lissafin nan yana tafiya miƙe, da masuntan Kabawa da ke wuni cikin ruwa da homa da gora, da manoman fadama daga Argungu har Suru, sun narke tuntuni.

Bincike a ƙasarmu ya taimaka wajen warware wannan. Amy Luke da abokan aikinta na Jami'ar Loyola sun auna mata 149 a yankin Igbo-Ora na Jihar Oyo, da baƙaƙen mata 172 a Chicago da kewayenta. Matan Amurka sun fi nauyi da kilo sama da ashirin. Amma da aka yi la'akari da girman jiki, kalorin da ɓangarorin biyu ke ƙonawa ta hanyar motsi bai bambanta sosai ba. Bambancin yana cikin kwano. A 2012 Herman Pontzer ya sami irin wannan a wurin Hadza, mafarautan Tanzaniya masu doguwar tafiya kullum: abin da suke ƙonawa a yini ya yi kusa da na mazauna biranen Turai da Amurka masu girman jiki irin nasu. Fassarar da masana da yawa suka yi ita ce, idan aiki ya yi yawa na dogon lokaci, jiki yakan rage kashe kuɗi a wani wurin.

Sai kuma shirin talabijin na Amurka mai suna The Biggest Loser, inda ake tara masu ƙiba ana ba su horo na awoyi kullum. Kevin Hall da abokansa sun bi 14 daga cikin waɗanda suka shiga gasar 2009. Cikin mako 30 kowannensu ya zubar da kilo 58 a matsakaici. Bayan shekara shida, kilo 41 sun dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 a rana ƙasa da abin da ya kamaci girmansu. Hall ɗin dai, tare da David Polidori, ya duba masu shan canagliflozin, maganin suga da ke fitar da sukari ta fitsari. Waɗannan suna asarar kalori ba su sani ba, amma sai cinsu ya ƙaru da kansa. Lissafin da aka buga a 2016 ya nuna cewa kowane kilo da aka zubar yana ƙara sha'awar abinci da wajen kalori 100 a rana, ninki uku ko fiye na abin da jiki ke ragewa a ƙonawa. Ashe babban mai tsayar da sikeli shi ne ƙarin loma da hannu ke kaiwa baki ba tare da ido ya lura ba.

Waɗanda suka nemi ɓalle ƙofa da magani

Wannan ɓangare ya shafi sana'ata, kuma tarihinsa ba daɗi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an lura ma'aikatan masana'antar harsashi a Faransa suna ramewa saboda wani sinadari mai suna DNP. A 1933 masana a Jami'ar Stanford suka gabatar da shi a matsayin maganin ƙiba, dubban mutane suka sha. Ya narkar da kitse da gaske, amma wasu zafin jiki ya kashe su, wasu da yawa yana ta rufe musu ido, har aka hana shi a 1938. Garin neman gira aka rasa ido. A 1997 aka janye haɗin fen-phen saboda yana lalata ƙofofin zuciya. A 2010 aka janye sibutramine a Turai da Amurka saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yanzu hukumomin magani na ƙasashe suna kama shi ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin da ake tallatawa da sunan na gargajiya.

Abin da ya fi yawo a kasuwanninmu iri biyu ne. Akwai shayin da ke sa gudawa, mafi yawa ɗan'uwan filasko ne a ciki. Akwai kuma maganin sa fitsari irin furosemide. Dukkansu ruwa suke cirewa, kitse yana nan daram. Sikeli zai sauka kilo biyu yau, ya dawo jibi, a tsakani kuma jiki ya rasa gishirin potassium da zuciya ke bugawa da shi. Ka haɗa wannan da gudu a zafin watan huɗu na Birnin Kebbi, da ma'aunin zafi ke haura 40, sannan ka sha diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, to ƙoda ce za ta biya bashin. Hatta allurar semaglutide, wadda gwajin da aka buga a 2021 ya nuna tana rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi, ita ma sikeli yakan cije mata bayan shekara da 'yan watanni. Magani ne na likita, yana da waɗanda ya dace da su, ba a sayensa a intanet.

Abin da za ka yi idan ranar ta zo

Da farko ka tabbatar tsayawa ce ta gaske. Kilon farko da suka zube da sauri, rabonsu mai yawa ruwa ne da ke ajiye tare da sukarin hanta da tsoka. Atisaye mai ƙarfi kuma yana sa tsoka ta riƙe ruwa, haka miya mai yawan gishiri da dunƙule, haka kwanakin da ke gaban al'ada ga mata. Ka riƙa hawa sikeli ɗaya, da safe bayan ka zagaya, kafin ka karya, ka kwatanta mako da mako. Sai ya yi mako huɗu bai motsa ba za a kira shi tsayawa. Ka sami awon tela ka auna cikinka daidai cibiya. Idan ciki yana raguwa sikeli yana tsaye, kitse ne ke tafiya tsoka tana zuwa. Abin nema shi ne awon cikin ya gaza rabin tsayinka.

Na biyu, ka duba kwano kafin ka ƙara gudu. Ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na mako guda, har da tsiren yamma da shayin mai shayi. Tafiyar sauri ta awa ɗaya takan ƙona kalori wajen 300 ga mai kilo 80. Lemon kwalba na rabin lita ya kai 200, cokalin mai ɗaya ya kai 120. Fura da sukari, masa da zuma, zoɓon da aka cika wa zaƙi, a nan gumin safe yake tsiyayewa. Ka rage malmalar tuwo, ka ƙara zogale da wake da kifin gulbi, gasasshe ko dafaffe, domin su ne ke riƙe ciki kuma suke kare tsoka. Uwargida tana da hannu babba a nan, don ludayin mai a hannunta yake, kuma mai rage ƙiba ba ya jimrewa idan shi kaɗai aka ware wa tukunya.

Na uku, kada ka mayar da kanka ɗan Minnesota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da kwana biyu na atisayen ƙarfafa tsoka. Ka ba jiki ranar hutu, ka yi barcin awa bakwai, domin rashin barci yana ƙara yunwa. Ka sha ruwa, ka guji rana.

Na huɗu, ka kwaso duk magungunanka ka kawo wa likita ko mai harhaɗa magunguna. Prednisolone da dexamethasone, wanda ake kira sha-ka-fashe, da cyproheptadine, da insulin, da glibenclamide, da amitriptyline, da wasu magungunan ƙwaƙwalwa da na farfaɗiya, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku, duk suna iya riƙe nauyi. Kada ka daina ko ɗaya da kanka, sau da yawa akwai madadi. Mai shan maganin suga da ya rage ci ya ƙara motsi, sukarinsa yana iya faɗuwa, sai an sake duba masa adadi. Idan kuma ka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye, ko ƙafafu sun kumbura, ko al'ada ta ɗauke, ka tsaya ka nufi asibiti. Mai yawan kasala da jin sanyi da taurin ciki, a duba masa ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod.

Daga ƙarshe, ka ƙirga ribar da ka riga ka ci. A babban gwajin rigakafin ciwon suga da aka buga a Amurka a 2002, mutum sama da 3,000 da ke bakin kamuwa aka bi. Waɗanda aka ɗora wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da abin da metformin ya yi, wato kashi 31. Kashi 7 ga mai kilo 100 kilo bakwai ne kacal, kusan daidai inda sikelin mutane da yawa yake cijewa. Saboda haka ka je a auna maka jini da suga, ka kwatanta da na wata uku da suka wuce. Idan sun sauka, aikin da likita ya sa ka yana ci, ko da sikeli ya yi shiru. Ka riƙe wannan matsayi wata biyu ko uku ba tare da ya hau ba, jiki ya saba da sabon nauyinsa, sannan ka sake rage kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu ita, amin.